Sunaye Biyun da Na Ƙi Buɗewa a Kwamfuta

Jama'a, abin nan da zan gaya muku ba a bakin wani na ji shi ba, ni ya faru da ni, a cikin garin Sakkwato, kuma da rana tsaka, ido na ganin ido. Wallahi tallahi ko gobe aka ɗora min Alƙur'ani a ka haka zan maimaita shi ba ragi ba ƙari. Wanda ya ga dama ya yarda, wanda bai yarda ba kuwa Allah ya raba shi da ganin irinsa.

Zamanin soja ne, kuɗin mai bai gama tsanewa ba, gwamnati na sayen abin da ta sani da wanda ba ta sani ba. Ina aiki a wata ma'aikata da ba zan kama sunanta ba, sai ga shi an kawo mana kwamfuta guda ɗaya tilo, aka ware mata ɗaki mai na'urar sanyaya iska, a garin da ɗan Adam ke narkewa da bazara ba mai kula shi, kuma sai ka tuɓe takalmi a ƙofa kafin ka shiga kamar za ka masallaci. Ni aka tura Kaduna kwas na 'yan watanni, na dawo na zama ni kaɗai ne likitanta, mabuɗin ɗakin ma a aljihuna yake kwana. Ina zaune Unguwar Rogo lokacin, ban yi aure ba, in na hau babur da safe har wani ɗaga kafaɗa nake yi, to ƙuruciya dangin hauka.

Aikin da aka ba ni shi ne in zuba duk ma'aikatanmu a cikinta, mutum dubu da ɗoriya, kowa da layinsa: sunansa, garinsu, ranar haihuwa, ranar kama aiki, da gurbin ranar barin aiki ga wanda ya bari. Mu uku muke yi. Akwai Inno, mai buga tafireta da na koya wa kwamfuta, ita ke shigar da sunaye. Sai Malam Ladan, shugaban ɗakin fayil, dattijo sa'an mahaifina, mutumin Dundaye, kullum a kan kekensa yake zuwa, shi ke ɗauko fayilolin takarda yana karanto mata. Malam Ladan shi ya tsaya min na samu aikin nan tun farko, kuma in damina ta wuce ba ya rasa kawo min 'yar gyaɗa ko albasa daga gonarsa. Baba nake ce masa.

To a tsakiyar haka aka turo wani manjo ya tantance ma'aikata. Mutum ne marar dogon zance, ya tara mu ya ce a ƙarshen wata yana son jerin sunayen kowa a kan teburinsa, bugun kwamfuta, kuma duk wanda injin bai buga sunansa ba to ba ma'aikaci ba ne, ya kwashe komatsansa. Ka san soja ba ya maimaita magana.

Ranar da na fara gwada buga jerin sai kwamfutar ta sume. Sumewa muke cewa: ta fara aiki lafiya lau, firinta na kuka, sai kawai ta tsaya cik, allo ya daskare, ka danna duk abin da za ka danna ba ta san kana yi ba, sai ka kashe ka sake kunnawa. Na zargi wutar lantarki, na sa aka tayar da janareta, ta sake sumewa. Na zargi zafi, na zargi faifan da muke ajiye bayanan, na canja sabo, duk a banza. Sai na koma ga dabarar da aka koya mana a kwas, wadda ba ta ƙarya: ka raba sunayen gida biyu, ka gwada rabin farko shi kaɗai, ka gwada na biyu, rabin da ya sumar da ita nan ɓarnar take. Ka sake raba shi biyu, ka sake, ka sake, kamar mai neman ruɓaɓɓen tumatir a kwando, har ya rage layi ɗaya, sannan ka buɗe shi ka ga abin da ke ciki.

Da na kai layi ɗayan na buɗe sai na kwashe da dariya. Wani masinja ne da ya rasu tun bara, kuma a gurbin ranar barin aiki, inda injin ke jiran kwanan wata don ya lissafa shekarun aiki, an rubuta masa Allah ya jiƙan rai. Laifina ne ta wani ɓangare, don na bar guraben kwanan wata suna karɓar haruffa, saboda rabin direbobinmu da masu gadi in ka tambaye su haihuwa sai su ce shekarar fari ko shekarar da aka yi kwalta. Na kira Baba Ladan na ce a goge sunayen mamata gaba ɗaya mu huta. Kai, ranar na ga ɓacin ransa. Ya ce tun da yake ɗakin fayil bai taɓa jan layi a kan sunan Musulmi ba, ba a share mutum kamar lissafin awaki, addu'a ake rubuta masa a bangon fayil a ajiye, kuma shi ya ce wa Inno ta yi hakan a injin. Muka sasanta, na buɗe wa mamata nasu wurin daban da addu'arsu, mutum goma sha wani abu, na gwada, jeri ya fito tsaf. Na tafi gida ina jin kaina.

Bayan kwana huɗu aka kawo gyaran wasu sunaye, na shigar da kaina, na sake bugawa, ta sake sumewa. Ban damu ba, na ce wani mamacin ne ya kuɓuce mana. Na raba, na raba, na kai layi ɗaya, na buɗe. Allah ya jiƙan rai, ga shi nan ɓaro-ɓaro. Na ɗaga ido na duba sunan, sai na ga Modi direba.

Modi fa da safen nan muka gaisa a bakin get, yana wanke motar oga yana waƙa. Raina ya ɓaci, na ce wannan wane irin sakarci ne, na aika a kira Inno, aka tuna min ai Inno ba ta zo ba tun ranar da na gama gyaran farko, tana gida 'yarta na ƙyanda. Baba Ladan kuwa ko kunna injin bai iya ba, tsoron taɓa shi ma yake. Ya ɗauko fayil ɗin Modi na takarda muka duba, bango fes ba rubutu. Na ce to wataƙila tun can aka yi kuskuren. Amma zuciyata ta ce min ƙarya kake, in tun can yana nan yaya aka yi jeri ya fito lafiya kwana huɗu da suka wuce? Na danne ta, na goge rubutun, komai ya tafi daidai. Har da na fito sallar azahar na tarar da Modi yana alwala na ce masa yau kwamfuta ta kashe shi na tashe shi, ya biya ni ladan aiki. Ya yi dariya har da buga ƙafa, ya ciro goro ya ɓara ya ba ni rabi.

Bayan kwana biyu da hantsi aka same shi a cikin mota a harabar ofis, a inuwar dogon yaro, yana jiran oga ya fito, hannunsa a kan sitiyari, hularsa ko karkacewa ba ta yi ba. Ba hatsari, ba ciwo, ba komai. Ina tsaye aka fito da shi. Inna lillahi, sai na je na zauna a kan dakalin masu gadi. Da muka dawo daga maƙabarta Baba Ladan ya jawo fayil ɗin Modi ya ɗauki alƙalami ya rubuta addu'ar nan a bango, ina kallon hannunsa.

Na yi ta gaya wa kaina dacewa ce, kwana ne ya ƙare. Amma wata tambaya ta ƙi barina: ko gogewar da na yi ce? Ko faɗa masa da na yi? Don a sana'armu haka ake tunani, in abu ya lalace ka tambayi kanka me ka taɓa.

Mako bai zagayo ba ta sume karo na uku. Wallahi sai da na yi kusan awa guda ina zaune a ɗakin sanyin nan gumi na zuba min, amma manjo na jira, ba yadda zan yi. Na raba har na kai layi ɗaya. Wannan karon Altine ne, mai ba furanni ruwa, wani ƙaƙƙarfan Bafillace da ke ɗaukar garwa biyu kamar ba komai. Na ce to bari in canja abu: ba zan goge ba, ba zan gaya masa ba, ba zan gaya wa kowa ba sai Baba. Na mayar da layinsa gefe yadda yake, na rufe. Muka yi kwana biyu muna leƙen Altine ta taga kamar ɓarayi, Baba har sadaka ya bayar da sunansa ba tare da Altine ya sani ba. Rana ta uku bai zo aiki ba. Kafin la'asar ƙanensa ya iso daga Mabera, ya ce zazzaɓi ne na yini ɗaya.

To kun ga inda lissafi ya kai ni. Na goge, an mutu. Ban goge ba, an mutu. Na faɗa, an mutu, na yi shiru, an mutu. Abu ɗaya ne ya rage da na yi a duka biyun, shi ne na buɗe layin na karanta da idona. Na sani sarai ba mai sanin gaibu sai Allah, ba kuma mai kashewa sai Shi, na yi istigfari ya fi a ƙirga saboda tunanin nan, amma tsoro ba ya jin wa'azi. Abinci ya daina shiga cikina. Na fara ƙin gaisawa da mutane a ofis, don duk wanda ya miƙo min hannu sai in tuna lambar layinsa.

Saura kwana biyu wa'adin manjo ya cika, ranar Laraba bayan azahar, na ce Baba ya zo ya zauna kusa da ni, ba zan iya bugawa ni kaɗai ba. Ya tuɓe takalmi ya shigo da carbinsa. Na yi bisimilla na danna. Firinta ko motsi ba ta yi ba, allo ya daskare nan take.

Na raba biyu. Rabin ƙarshe ya tafi lafiya, rabin farko ya sumar da ita. Na raba rabin farkon, ɓarna na sama. Na sake, tana sama. Ɗari da hamsin na farko, saba'in da biyar na farko, kullum sama take yi, ba ta taɓa faɗawa ƙasa ba ko sau ɗaya, kuma duk rabawa sai na kashe na kunna na jira, ga shirun ɗakin ba ka jin komai sai na'urar sanyi da ƙwayar carbin Baba. Da muka zo mutum ashirin na farko sai na tuna yadda muka fara aikin. Ranar da aka ɗaura injin, kafin Inno ta koya, ni na zauna na gwada shi da hannuna, kuma da yake ba fayil a kusa sai na shigar da mu biyun da ke ɗakin. Layi na ɗaya Baba Ladan, don girmamawa. Layi na biyu ni.

Goma, tana sama. Biyar, tana sama. Na ware na uku da na huɗu da na biyar na gwada, ina roƙon Allah, kuma Allah ya gafarta min abin da nake roƙo a lokacin, don bayin Allah uku ne da iyalansu. Suka wuce sumul. Na cire hannuna daga kan injin na ɗora a cinya.

Baba bai iya kwamfuta ba amma ba yaro ba ne, ya ga fuskata. Ya tambaye ni saura nawa, na ce biyu. Ya tambaye ni su wa, sai na nuna shi na nuna kaina. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Raba su, ɗana."

Na ce ba zan raba ba. Na ce akwai wata dabara, na buɗe sabon wuri fil na kwashe kowa daga na uku zuwa ƙarshe na zuba, sannan na sake rubuta mu biyun da hannuna, sabo, harafi bayan harafi, gurbin barin aiki na bar shi wayam, shi ma ya gani da idonsa. Na danna. Ta sume. Na cire mu biyun, jeri ya fito tun daga farko har ƙarshe ba gargada, firinta na ta kuka kamar ba abin da ya faru.

A nan Baba ya yi min magana mafi tsawo da ya taɓa yi min. Ya ce, "Mi kaka tsoro? Ajali na hannun Allah, ba shi cikin akwatin ga. In ni na, na ci shekaruna, sai in tahi in yi sallama da ɗiyana. In kai na, ba ka tsere mai ko ka rufe ido. Amma in ka bar mu duka biyu waje, jibi ba mu da aiki, ni da kai. Buɗe ɗaya, guda ya tsira da abincinai."

Gaskiya ya faɗa, saura shekara biyu ya yi ritaya da mutuncinsa, yana da mata da 'ya'ya tara. Kuma ni na san in na sa layi ɗaya kawai na gwada, ko ta sume ko ta wuce, amsa ta fito ke nan, ba sai na karanta komai ba. Dannawa ɗaya ce. Na ɗora yatsa, wallahi na ɗora, sai na ga Modi da hannunsa a kan sitiyari. Ba zan yi muku ƙarya in ce Baba nake tausayi ba. Kaina nake ji. Tsoro nake kada ni ne, kuma can ƙasan zuciyata ina fata shi ne, mutumin da ya sama min aiki, yana zaune kusa da ni kafaɗarmu na gogar juna. Da na kama kaina da wannan fatan sai na ji na tsani kaina, na miƙa hannu na zare faifan da layukanmu biyu ke ciki, na lanƙwasa shi biyu a gabansa har ya karye, na goge na cikin injin ido a rufe.

Baba ya miƙe, ya ce, "Ka yanke muna hukunci kai ɗai." Ya sa takalminsa ya fita.

Ranar Juma'a na kai wa manjo jerin, na ƙara sunayenmu biyu da biro a ƙasan shafin ƙarshe. Ya duba, ya tambaye ni me ya ce tun farko. Na fara bayanin injin ya samu matsala, ya ce ai ni ne mai injin, in ban iya sa shi ya buga sunana ba to ina amfanina. Me zan ce masa? In ce ina tsoron akwati? Ya ja jan biro a kan sunayen biyu a gabana. Litinin aka ba mu takardunmu na sallama, aka kawo wani daga Kaduna ya karɓi mabuɗi, kuma na bincika daga baya, har injin ya tsufa aka jefar bai sake sumewa irin wannan ba.

Kwana uku suka wuce ban mutu ba, Baba bai mutu ba. Mako, wata, shekara. Na koma gyaran rediyo da talabijin a kasuwa, ban sake taɓa kwamfuta ba har yau, wayar hannun nan ma jikana ke duba min. Baba ya koma gonarsa a Dundaye, ya sha wahala ƙwarai, manyan 'ya'yansa biyu suka bar makaranta suka kama noma, kuma duk wannan a wuyana yake. Duk sallah sai na je gaishe shi. Yana amsawa, yana sa a kawo min ruwa, amma bai sake ce min ɗana ba, maganar ranar nan kuwa ba wanda ya sake tayar da ita. Ga abin kunyar da ban taɓa gaya wa ko matata ba: duk zuwan da nake yi, ban san ko gaisuwa ke kai ni ba ko dubawa nake in ga yaya jikinsa.

Ya yi shekara goma sha tara bayan nan, ya rasu da tsufansa a ɗakinsa, 'ya'ya da jikoki kewaye da shi. Na je jana'iza, na kama makara, na yi kuka na gaske. Amma da aka gama rufe shi sai na ji wani sanyi ya sauka a ƙirjina, wata murya a ciki na cewa shi ke nan, ashe shi ne, ka tsira. Da wannan na hau babur. Ban kai gadar shiga gari ba sai na tsaya a gefen hanya, don na tuna yadda muke aiki: ba a cewa an gano ɓarna sai an gwada an gani. Modi da Altine kwana uku ba su cika ba. Tsoho ɗan shekara tamanin da ya mutu a kan shimfiɗarsa bai tabbatar da komai ba, mutuwarsa ce kawai ta zo. Layin da ke ɗauke da addu'ar nan ba a buɗe shi ba har yanzu, kuma cikin mu biyun ni kaɗai na rage.

Ni dai shawarata gare ku, musamman ku yaran yanzu da kuke yini kuna tonon cikin injuna: ku riƙe addu'a kafin ku zauna, kuma in abu ya tsaya cik a kan sunan mutum mai rai, ba dole ne sai kun san dalili ba. Sannan in za ku ji tsoro, ku ji shi da kuɗin kanku, kada ku sa wani bawan Allah ya biya muku kamar yadda na sa Baba Ladan. Allah ya jiƙansa, ya yafe min. Ni kuwa har gobe in aka miƙo min takarda aka ce in duba sunana a jeri, sai in ce idona ba ya gani, wani ya duba min, kuma in ya gani kada ya karanta min abin da ke gabansa.